Ranar da na yi rantsuwa da kwarankwatsa a kan usur

Ba zan taɓa mantawa da daminar 2004 ba, kuma ko na so mantawa 'yan ajinmu ba za su bari ba. Ina aji biyar a wata sakandare da ke gefen Daɗin Kowa a Jos, ni ce kyaftin ɗin 'yan mata a ƙwallon hannu. Ba don na fi kowa iyawa aka ba ni ba, don na fi kowa baki ne (wannan daga baya na gane). Ranar Asabar muna da wasa da wata makaranta da ta ci mu bara, ni kuwa tun farkon zango nake cika baki cewa da hannuna zan rama.

Matsalata ɗaya ce, Madam Okeke, malamar wasanninmu. Inyamura ce haifaffiyar Jos, Hausa a bakinta kamar ruwa, sai dai kowa a wurinta "kai" ne, mace ko namiji. Tana da wata doka da ba ta lanƙwasuwa: da zarar an ji cida, ko can bayan duwatsu ne, za ta busa usur, kowa ya shige aji, kuma ba mai fitowa sai an yi rabin awa ba a sake jin ƙara ba. Ga Jos da damina, kun dai sani. Rana tsaka garau, kafin la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Litinin an tashe mu daga atisaye, Talata an tashe mu, Laraba ko minti goma ba mu yi ba. Ni dai a ganina matar nan tsoro ne kawai ya yi mata yawa.

Ran Alhamis sai dabara ta zo mini. Ta ajiye usur ɗinta a kan benci tana ɗaura takalmi, na sunkuya kamar ina gyara nawa, na cusa shi cikin safa. Lissafina shi ne in babu usur babu tashi. (Ban tuna cewa matar tana da baki ba. Kada ku tambaye ni, ni ma ban sani ba.)

Ta duba benci, ta duba jaka, ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya, idonta ya tsaya a kaina.

"Kyaftin, kai ka ɗauka?"

Da na ce a'a na yi shiru, da an wuce wurin. Amma ni ba na iya ƙarya ƙarama. Na buga ƙirji na ce, "Madam, kwarankwatsa ban ɗauka ba!"

Rifkatu, golarmu kuma ƙawata, wadda ta ga komai da idonta, ta ja da baya taku biyu ta ce a hankali, "Ke, da damina? Matsa daga kusa da ni don Allah." A Jos kowane yaro ya tashi da jin cewa aradu ɓarawo take nema, musamman wanda ya rantse da ita. Ni dai na ce camfi ne. Kuma da mamana ta ji wannan rantsuwar a bakina, da tsawar ma ba ta samu abin bugu ba.

Muka fara atisaye. Ba a jima ba iska ta taso, sama ta yi gurnani daga nesa. Madam ta ɗaga hannu tana ihu, "Oya, kowa aji!" Na yi kamar ban ji ba, na jefa wa Rifkatu ƙwallo ina cewa a ci gaba. Wasu suka tafi, wasu suka tsaya suna kallona. Sai ga Madam a guje, ta fizge ƙwallon daga hannuna.

Na ce, "Haba Madam, ko ɗigo bai sauka ba fa! To mu fake ƙarƙashin bishiyar turaren can, minti biyar ya wuce."

"Ƙarƙashin bishiya? Kai kana da hankali kuwa? Wuce!"

Ta tasa mu gaba kamar awaki har ajin da ya fi kusa, inda 'yan ƙwallon ƙafa maza suka riga suka cika. Kowa ya shiga, ni na toge a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, ina yi wa jama'a lacca. Na ce da irin wannan tsoron za a ci mu ran Asabar. Na ce a unguwarmu Ali Kazaure cikin ruwa muke wasa tun muna yara, ba wanda ya mutu. Na ce wai mutum da girmansa...

Ban ƙarasa ba. Wani farin haske ya cika ko'ina, ƙara ta biyo shi a take, irin wadda a ƙirji ake jin ta kafin kunne. Tagogi suka girgiza. Bishiyar turaren nan da na ce mu fake a ƙarƙashinta ta tsage daga sama, wani ƙaton reshe ya rikito yana hayaƙi.

Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Na dai tsinci kaina durƙushe a tsakiyar aji, na riƙe ƙafar Madam da hannu ɗaya, ɗayan yana zaro usur daga safa, ina kururuwa, "Ni ce! Ni na ɗauka! Ga shi, wallahi ga shi, a ce wa aradu na mayar!" Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma tunda na ga mutuwa ta zo, sai na ce bari in wanke kaina gaba ɗaya. Na faɗi cewa ni na cinye ƙosan Rifkatu ran Talata na ce ɓera ne. Na faɗi cewa ciwon cikin da ya hana ni jarrabawar lissafi ƙarya ne. Na faɗi sunan da muke kiran firinsifal a ɓoye. Duk a gaban maza wajen talatin.

Ƙanƙara ta fara dukan kwano. Can sai Rifkatu ta ce, "Au, ashe ke ce ɓeran?" Wurin ya fashe da dariya, har da masu kuka.

Madam ba ta yi dariya ba. Ta karɓi usur ɗin da yatsa biyu (daga safa ya fito, ban ga laifinta ba), ta juya kaina wajen taga.

"Duba can. Tsawa bai san ɓarawo ba, bai san fasto ba, bai san liman ba. Abu mai tsawo yake nema, da mutum a fili. Da na bi maganarka, yara nawa ne a gindin itacen nan yanzu?"

Na ƙirga a zuciyata. Mu tara ne. Nan dariyar kowa ta ɗauke, ni kuma kunya ta gaske ta rufe ni, wadda ta fi ta ƙosai nauyi. Rabin awar nan muka yi ta cif, ban ce uffan ba, karo na farko a tarihin makarantar.

Washegari aka karɓe kyaftin aka ba Rifkatu. Ran Asabar a benci na zauna ina riƙe wa mutane ruwa, 'yan maza suna wucewa suna gaishe ni, "Hajiya Kwarankwatsa, ina gajiya?" Ina zaune ina jira a fara cin mu, Madam ta waiwayo ta roƙe ni in shiga. Ko sau ɗaya ba ta waiwayo ba. Muka ci wasan da tazara mai kyau, ba tare da ni ba.

Yanzu ko a filin unguwa na ga yara suna ƙwallo sama ta yi gurnani, ni ce mai fita in kore su cikin gida, su yi ta harara, ban damu ba. Atisaye ana sake shi gobe. Kuma idan har ƙarya ta kama ku dole, ku taimaki kanku ku fara duba sama tukuna.