Rasuwar Kujerar Clarrie Woodberry

Cikin baƙin ciki mai nauyi da zuciyar da ta rasa madafa, Uwargida Dulcie Woodberry ta garin Deloraine tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar kujerar mijinta Clarrie, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, a kusurwar ɗakin girkin da ta yi rayuwarta.

Wani tsohon fursuna cikin waɗanda Ingila ta jefo tsibirin nan namu na Tasmaniya ne ya sassaƙa marigayiyar a daji, da gatari da wuƙa, zamanin kakan kakan Clarrie. Bai sa mata ƙusa ba, bai shafa mata gam ba. Ƙafafunta ne suka ratsa mazauni suka tokare hannuwanta, shi ya sa nauyin mai zama ke ƙara ɗaure ta. Ta ɗauki masu askin tumaki da warinsu, ta ɗauki fasto da tumbinsa, ba ta taɓa ƙorafi ba sai "ƙiiƙ" ɗin nan idan an jingina.

Tun da ciwon mantuwa ya kama Clarrie, 'ya'yansa ma baƙi ne a wurinsa. Amma da ya zauna cikinta, yatsunsa suka sami inda tafin hannun ubansa ya cinye, sai ya ɗago ya ce, "Dulcie, shayin nan sai na mutu za a kawo?" A nan kaɗai yake gane matarsa.

Ciwon ajalinta ya faro ne da sanyin bana, da aka kwantar da Clarrie a asibiti. Ba mai zama, ga na'urar ɗumama ɗaki a gefenta, ta bushe ta fara rangaji. Surukinsu Trevor, mai yawan son alheri da ƙarancin tambaya, ya ce, "Mama, bar ni da ita, yanzun nan zan miƙar da ita." Ya ɗirka mata ƙusoshi, mazaunin ya dare biyu. Hingston kafinta ya zo, ya shafa, ya cire hularsa ya ce, "Wannan kam sai haƙuri."

Ta rasu ta bar 'yan uwanta kujeru da gwanjo ya warwatsa, da wata sabuwar kujera mai laushi da Clarrie ya ƙi ko kallo. Tun da aka sallamo shi yana tsaye a kusurwar nan, yana tambayar Dulcie, "Baiwar Allah, ina matar gidan?" Dulcie tana roƙo, don girman Allah, duk mai ɗaya daga cikin 'yan uwan marigayiyar, ko gurguwa ce, ya ara mata. Ta san da wuya dabarar ta ci, amma ba ta da wata.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a bayan gidansu, gindin itacen tuffa. Ba za a sa ta a murhu ba, kowa ya daina ba da wannan shawara. Mata su zo da abin shan shayi. Trevor ne zai haƙa kabari. Ana roƙon masu ta'aziyya su riƙa kiran Dulcie da sunanta, da ƙarfi, a gaban Clarrie, ko Allah zai sa ya maimaita.