Goron da Nake Aika wa Inna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zaunar da mu sulhu a kan Inna ba, a zauren gidanmu a Chinade, a gaban Kawu Barau. Lokacin ina koyarwa a makarantar elemantare a Azare, ina da keke, ina da agogon hannu, kuma a ganina duk gidanmu babu mai hankali kamar ni.

Mu uku Inna ta haifa. Yaya Habu manomi ne, shi ke zaune da ita a gidan da mahaifinmu ya bari. Dije tana aure a Giade. Ni ne auta. Da ciwon ƙafa ya hana Inna zuwa ko bakin rijiya, sai na rubuta wa Yaya takarda cewa zan ɗauke ta zuwa Azare, kusa da asibiti. (Yaya bai yi boko ba. A kasuwa aka karanta masa ita a gaban mutane, har da wurin da na ce ba a kula da tsohuwa yadda ya kamata.) Ya fusata. Dije kuma ta ce in dai ɗauka za a yi, ɗiya mace ce ta san jinyar uwa. Muka yi wata biyu babu mai gaida wani. Shi ne Kawu Barau, ƙanen Inna, ya aika a kira mu.

Na zo da hujjojina a rubuce, guda bakwai, kowacce da lambarta.

Kawu ya fara ba Yaya dama. Maganarsa ba ta da tsawo. "Ni dai ban ce na iya ba, Kawu. Amma tana ci, tana sha." Dije ta faɗi nata, ta share hawaye. Da aka zo kaina sai na miƙe tsaye (kowa a zaune ya yi magana), na warware takarda kamar ina gaban 'yan aji. Na karanta ta ɗaya, ta biyu, har na iso ta biyar.

"Duk wata sai na aiko wa Inna da goro, fari, zaɓaɓɓe. Babu wanda ya san abin da take so kamar ni."

Kawu ya ɗaga hannu. "Malam, tsaya kaɗan. Goron nan, da wane haƙori take cin sa?"

Da na yi shiru, da an wuce wurin. Amma malamin makaranta bai saba barin tambaya babu amsa ba. Na gyara murya na ce, "Da na gefen dama."

Dije ta rufe baki da mayafi. Yaya ya sunkuyar da kai, kafaɗarsa tana rawa. Kawu bai yi dariya ba, ya dai ce a kira Lanti, matar Yaya. Ta shigo ta durƙusa, riƙe da wani ɗan gwangwani da aka huhhuda da ƙusa. Magogin goro ne.

Ta ce, "Tun bara waccan haƙorinta na ƙarshe ya faɗi, Kawu. Kullum da safe ni nake goga mata."

Shekara biyu ke nan. Cikin shekarun nan na sha zuwa gaida Inna, sai dai daga bakin ƙofa nake tsayawa, hannu ɗaya a kan keke, ni ke zuba surutu, ita tana gyaɗa kai.

Kawu ya ce, "Saura biyu a takardarka. Ci gaba."

"Na janye su, Kawu."

Sannan ya tambaye mu ko cikinmu akwai wanda ya taɓa jin ta bakin mai maganar. Babu. Ashe Inna tana zaune a bayan zana, komai a kunnenta aka yi.

Ta ce, "Ni ba kaya ba ce da za a ɗaure a bayan keke. Nan aka kawo ni amarya, nan zan zauna. Auta dai ya riƙa shigowa yana zama."

A kan haka aka tashi. Inna za ta ci gaba da zama wurin Yaya. Dije za ta riƙa zuwa da damina, lokacin da Lanti ke gona. Ni kuma duk ranar da babu makaranta zan zo in wuni, kuma gugar goro ta ranar tawa ce. Kafin mu fita Kawu ya sa na ba Yaya haƙuri a kan takardar da aka karanta masa a kasuwa, Yaya ya ce ya wuce.

Ranar da na fara guga, rabin abin da ya sauka a faifai fatar yatsana ce. Inna ta yi dariya har ta buɗe baki sosai. Na duba da kyau. Babu ko ɗaya, dama da hagu.

Abin da na koya bai da yawa. Kafin ka ce ka fi kowa sanin tsohuwa, ka zauna kusa da ita tukuna. Kuma in dattijo ya yi maka tambaya cikin sanyin murya, ya riga ya san amsar. Ka ce ba ka sani ba, kada ka zaɓi gefe.