Ranar da Kadri Ya Je Rufe Teku

"Ni da daji tare aka haife mu," in ji Kadri. "Kakana a Salaga, in ya yi tari ɓauna sai ta ba shi hanya. Balle wannan ɗan dajin na Bature."

Kadri direban tasi ne a unguwar Soundview ta birnin New York, gajere, mai tumbi, bakinsa ya fi motarsa gudu. 'Yan Zongo na Bronx suna ce masa Rediyo Gana, don ba a kashe shi. A shekarar 1993 aka ce za a naɗa Sarkin Samari, kuma kowa ya san duk wanda tsoho Alhaji Barmo ya nuna da sandarsa, shi ne sarki. Alhaji ba ya jin Turanci, zaman bene ya ishe shi, kullum cewa yake ya yi marmarin ganin itace. Kadri, da ke hangen sarautar, ya ce faɗuwa ta zo masa a kan katifa. Ya sa sabon wandon shadda, ya sa matarsa Safiatu ta soke tsire a tsinke, ya ɗauki tsohon sai tsibirin Hunter, bayan Orchard Beach, inda tsohon daji ya gangaro har bakin teku.

In gaya maka, dajin daji ne. Itatuwa mutum biyu ba sa rungume su, wasu sun faɗi sun ruɓe a inda suke. Safiatu na baya da kwando, tana jin ƙanshin danshi da na gishiri. Alhaji ya shafa wani kututture, ya ce, "Masha Allah, wannan ya girme ni."

"Ɗan uwan ɗorawa ne, Alaji," in ji Kadri. "Na san danginsu duka."

Ya tara busassun rassa har haɓa, sai ga wata mai gadin daji cikin koren kaya. Ta ce ya ajiye, nan ko tsinke ba a ɗauka, wuta kuwa kada ma ya fara. Itacen da ya faɗi ruɓewa yake, ruwan sama ya wanke shi zuwa fadama, ƙananan kifayen teku su samu abinci.

"Me ta ce?" in ji Alhaji.

"Ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya iya zaɓen itace kamata ba. Tana roƙo in bar musu na gwaji."

Safiatu ta sunkuyar da kai, ta gyara ɗankwali.

Suka fito bakin ruwa. Ga fili shimfiɗe, baƙar laka da duwatsu, ruwan can nesa. Kadri ya nuna wani faffaɗan dutse a tsakiya.

"Can ba dajin kowa ba ne. Ina da gawayi a jaka. Mai daji ba ya fita da dabara ɗaya."

"Maigida," in ji Safiatu a hankali, "duwatsun nan jiƙe suke, ga ciyawar ruwa a kansu."

"Raɓa ce. Ke dai riƙe yaji."

Ita ta ce ƙafarta na ciwo, ta zauna a kan gaɓa. Su kuwa suka bi kan duwatsu suka isa. Gawayi ya kama, tsire ya fara ƙanshi, Kadri ya buɗe rediyo: yadda zai ɗinka wa samari anko, yadda zai kai su Makka rukuni-rukuni. Yana cikin rukuni na biyu Alhaji ya ce, "Kadri, ɗazu takalmina a nan na ajiye."

Takalmin na can yana tafiya Turai. Duwatsun da suka taka duk sun nutse.

Kadri ya duba, ya yi dariyar masana. "Na gane. Dam suka buɗe, irin na Akosombo. Sakacin ma'aikata ne. Yanzu zan sa a rufe."

Ya hau ƙololuwar dutsen yana ɗaga tsinken tsire, yana kiran mai gadi da ta kira ogansu ya rufe ƙofa, akwai babban mutum a nan. Ta zo gaɓa ta ce babu ƙofa, teku ne, kullum haka yake shigowa ya koma, su fito tun bai ƙaru ba.

"Me ta ce?"

"Ta ce mai makullin ya tafi cin abinci."

Ruwa ya lashi gawayin, ya yi cuu. Kadri ya durƙusa. "Hau bayana, Alaji. Na goyi barewa da rai, balle kai."

Alhaji ya hau. Taku na farko lafiya. Na biyu laka ta kama ƙafar dama har gwiwa. Ya ja, ta hagu ta bi ta. Suka tsaya cak a tsakiyar ruwa, tsoho a goye, sanda a sama, masu yawo sun taru suna ɗaukar hoto.

"Tafi mana, Rediyo."

"Ina nazarin hanya ne, Alaji."

Alhaji ya gaji da nazari. Ya zame, ya ga ruwan bai wuce cinyarsa ba. Ya tattare babbar riga, ya laluba duwatsu da sanda, ya fita abinsa. Safiatu ta tarye shi da tawul.

Kadri kuwa sai da mai gadi ta jefa masa igiya, ƙarti uku suka ja. Ya fito fit kamar an zare tsire daga tsinke. Tazuge ya tsinke, wandon shadda ya zauna a laka. Safiatu ta ciro zanen da ta rufe kwando da shi, mai manyan furanni ja, ta miƙa masa tana kallon gefe.

Ya ɗaura har ƙirji, yana rawar sanyi. Ka ce zai yi shiru? A hanyar mota ya matso kusa da tsohon.

"Alaji, ka dai ga yadda na tsaya da kai a cikin ruwa. Maganar Sarkin Samari fa?"

Alhaji Barmo, ba takalmi, ya dube shi daga ɗaurin ƙirji har ƙasa.

"Samari sun wuce ka, 'yar nan. Amma kujerar Magajiyar matan Zongo ma babu kowa. Zan yi wa mata magana."