Muryata a Tsakiyar Makosa

Ko zan manta da komai na zaman Libreville, ba zan taɓa mantawa da wani biki da aka yi a unguwar Nombakélé shekarar da darajar sefa ta karye ba. Har yau in na ji makosa ko sukus na wancan zamani, irin wanda jita ke kuka kamar an yaudare ta, sai ƙafata ta fara motsi, kunnuwana kuma su ɗau zafi.

Lokacin ina tsaron shagon kawuna a kasuwar Mont-Bouët. Abu biyu na mallaka: kwalin littattafan soyayya da ake aiko mini daga Kano, da kaset-kaset na rawa. Sukus na Zayar, makosar Kamaru, zuk mai sanyi. Na san daidai inda ganga za ta shigo a kowace waƙa.

Akwai kuma Rakiya, 'yar Alhaji Idi, mutumin Maraɗi mai motocin taksi. Wata takwas tana zuwa sayen sabulu, ni da na haddace kalaman masoya ban taɓa ce mata komai ba sai "A gaida gida." Ana haka jandarmomi suka fara tare baƙi suna neman kart, takardar izinin zama, na kuma ji Alhaji zai mayar da iyalinsa Nijar ƙarshen wata. In ban yi magana ba, shi ke nan.

Mu mazauna nesa, kaset muke ɗauka mu aika gida a madadin wasiƙa. Na ce ai ga hanya. Sabon kaset ya yi tsada, sai na ɗauko makosar da na fi so, na toshe ramukanta da takarda don a iya ɗaukar murya a kai, na ɗauki zancen zuciyata a tsakiyar gefe na biyu. Kwana uku ina yawo da shi a aljihu, na kasa miƙawa. Na mayar da shi cikin 'yan'uwansa (ban ko yi masa alama ba, jarumin maza).

Ranar bikin yayar Rakiya, ɗan Kamarun da zai sa kiɗa ya ɓuya saboda kame. Mahaifiyar amarya ta ce a kira ɗan Kanon nan mai kaset. Bayan la'asar aka rufe ƙofa, mata suka cika tsakar gida, maza na rumfa. Na sa sukus, wuri ya ɗauka. Har wata tsohuwa, Gwaggo Tabawa, ta ajiye sanda. Kaina ya kumbura, na ce bari in gama da su da makosa.

Rawa ta yi rawa, Rakiya na tsakiyar fili, sai kiɗa ya yanke ƙat. Aka ji tari. Tarina.

"Yana ɗauka? To, bismillah. Ya Rakiya, ke da kika fi fitilun bakin teku haske, ni ne mai ce miki a gaida gida..."

Na yi tsalle na fizge wayar lantarkin rediyon. Ashe akwai batir a ciki! Kafin in kai hannu kan maɓalli, Gwaggo Tabawa ta damƙe ni.

"Bar shi, ɗan nan, mu ji ƙarshe. Mijina har ya mutu bai ce na fi ko aci-balbal haske ba."

Haka na tsaya ina sauraron kaina ina rantsuwa cewa in ta tafi zan bi jirgi da iyo (ni da ko kududdufi ban taɓa shiga ba). Rakiya ta rufe fuska ta yi ɗaki da gudu. Ina gama jawabi makosa ta dawo daga inda ta tsaya, mata suka ɓarke da guɗa, suna rawa suna rera "A gaida gida! A gaida gida!"

Sai Alhaji ya yafito ni daga rumfa, fuska ba annuri.

"Kai ne mai fitilun bakin teku?"

"Ni ne, Baba."

"Kart ɗinka da sauran rai?"

"Sai baɗi zai ƙare."

Ya shiga ciki, ya daɗe. Da ya fito ya ce, "Ta ce a ba ta kaset ɗinta, wai hayaniya ta hana ta jin tsakiya. Kawunka ya zo gobe. Da bakinsa, ba a rediyo ba."

Ƙarshen wata iyalin Alhaji suka tafi, ban da mutum ɗaya. Yanzu 'ya'yanmu na samo mana waɗannan kiɗe-kiɗe a waya, amma Rakiya cewa take ba su kai na da ba, tunda babu mai tari a tsakiya.

Darasin da na koya: in ka ɗauki sirrinka a kaset, yi masa alama. Amma in kai matsoraci ne irina, don Allah kar ka yi.