Agwagwar Roba ta Don Casimiro

"...Lafiya lau muka tashi, Kaka. Kifayen tsibirin nan ne dai ba su runtsa ba saboda minsharinka."

"Har kin ji, tsohuwa? Na zaci kunnuwanki sun daina aiki tun bara."

Haka mahaifina Don Casimiro da 'yata Yeraldín suke gaisawa kullum. Shi ya haura saba'in, ita shekararta bakwai. Tun da aka yi mata aiki a ƙugu ta koma tafiya da sanda ya laƙaba mata tsohuwa, wai yanzu sun zama sa'o'in juna tunda shi ma yana da tasa.

Saboda ita muka zo tsibirin Múcura. Likita a garin Sincelejo ya ce babu abin da zai dawo mata da ƙarfin ƙafar kamar motsa ta cikin ruwa, shi ne ni da mijina Wilfrido muka kwashi yaran da tsohon, muka hau kwalekwale mai inji daga garin Tolú. Ƙanin Yeraldín ɗan shekara uku sai da kuka ake ciro shi daga teku. Ita kuwa ko tafin ƙafa ta ƙi jiƙawa. Na lallashe ta, babanta ya yi mata alkawura, ta ce ita dai ruwan zai kayar da ita a sake kai ta asibiti. Ga shi gobe za mu koma gida.

Da safen nan na aiki Baba ya sayo mana arepa mai ƙwai, wato wainar masara, a bakin tashar kwalekwale. Ya dawo babu arepa, sai wata tayar roba rawaya mai kan agwagwa rataye a wuyansa.

"Wannan muka aike ka?" in ji Yeraldín. "Soyawa za mu yi?"

"Taki ce. Mai kayan ya ce ta tsofaffi ce masu tsoron ruwa, na ce ina da guda a gida."

"To ai ka sayo wa kanka. Wa ya rufe ido a kwalekwale yana kiran waliyyai ɗaya bayan ɗaya?"

"Gaisawa muke yi, mun daɗe ba mu haɗu ba. Ni da kike gani, ina saurayi na ƙetare kogin Sinú da bijimi a kafaɗata."

"Jiya saniya ka ce."

"Saniyar a ɗaya kafaɗar take."

"Kaka Eufemia ta ce ko da bokiti za ka yi wanka sai ka yi ban kwana da mutanen gida."

Ya ce matarsa ba ta nan balle ta kare kanta, kuma kada ma ba ya zama a kogin da ya ji Casimiro ya shiga. Ta ce ai warinsa ne yake korar kadan. Suka yi ta yi har muka isa bakin ruwa, ni ina dariya amma raina ba daɗi, don na ga ta sake neman inuwar kwakwar da take zama kullum.

Sai ta nuna teku da sandarta. "To ga shi nan, ba bijimi ba saniya. Shiga mu gani."

Baba ya dubi tekun. Makiyayi ne, rayuwarsa duk a bayan doki ya yi ta, kuma ni na san bai taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawu ba. Na buɗe baki zan kawar da zancen, ya harare ni. Ya tuɓe riga, ya cusa kansa cikin agwagwar da ƙyar, ta maƙale a tumbinsa.

"In na nutse, ke za ki biya kuɗin akwatin gawa," ya ce.

"A cikin agwagwar za mu binne ka."

Ya shiga yana dogara sanda, leɓɓansa suna motsi. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya. Can wata 'yar igiyar ruwa ta zo ta fizge sandar, ƙafafunsa suka bar ƙasa, agwagwar ta fara juyawa da shi. Wurin ba zurfi, da ya miƙe da a ƙugu ruwan zai tsaya masa, amma tsoron da na gani a fuskarsa ba na wasa ba ne. Wilfrido ya riga ya shige ruwan ta gefe yana lura.

Yeraldín ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta ga yana ta dukan ruwa bai ce komai ba, dariyar ta ɗauke.

"Kaka, sa ƙafarka ƙasa."

"Babu ƙasa, tsohuwa, an kwashe."

"Tsaya nan, ga ni zuwa."

Ta yar da sandar a kan yashi. Na danne bakina da hannu don kada in yi magana. Ta taka a hankali tana ɗingishi, ruwan ya rufe tabon aikin, ya kai mata ƙirji, ta miƙa hannu ta cafke wuyan agwagwar. Igiyar ruwa ta sake zuwa ta ɗaga ta, sai na ga ƙafafun nan biyu suna harbawa a bayanta, mai lafiyar da wadda aka yi wa aiki. Babanta yana dab da ita bai taɓa ta ba, ya juyo ya dube ni idanunsa sun yi ja.

Haka ta jawo kakanta har gaɓa. Masu sayar da kifi da ke kallo suka sa tafi. Baba ya zube a yashi yana haki, ya ce dama gwada ta yake yi, kuma agwagwar ce ba ta iya iyo ba.

"Ka ce na gode."

"Wa zan gode wa? Ni na koya miki."

"To koma ka ɗauko sandarka, ga ta can tana tafiya Panama."

Ya dubi sandar, ya dubi ruwan, ya dube ta. Sai ya tuntsire da dariya har yana tari. Ya cire hular kabarsa da ko uwarmu bai yarda ta taɓa ba, ya kifa mata a kai, ta rufe mata har hanci.

"Kin ci, tsohuwa. Bijimin ma a gada muka bi da shi."

Ta ɗaga hular ta leƙo. "Cire agwagwar ka ba ni, zan koma. Kai zauna ka tsare mini sandata."