Yadda Jalalu Dillali Ya Zaɓi Bindiga

"Inna, ki bar ni da su. Kafin masarar nan ta nuna, duk birin da ke dutsen nan sai ya nemi izini kafin ya leƙo gonarki."

Jalaluddeen ke nan, wanda mutanen Roni ke kira Jalalu Dillali, ɗan farin Inna Ma'u. In ba ku san shi ba, ku samo sandar rake wadda aka riga aka tsotse, ku ɗora mata hula, to kun gan shi. Muryar ce dai Allah ya ba shi ta mutum uku. Sana'arsa dillancin tumaki, kuma a ganinsa wanda ya iya zaɓen rago babu abin da zai gagare shi zaɓe a duniya.

Ita kuwa Inna Ma'u ta kwana biyu abinci ba ya mata daɗi. Gonar da marigayi mijinta ya bar mata tana gindin dutse, masarar da ke cikinta ita ce tuwon ƙannen Jalalu har wata damina, ga birai sun mai da ita gidan biki. Maƙwabta kowa ya ɗaura gwangwanaye a igiya, ya kafa rumfa, ya zauna da karensa yana kora. Ta ce ita ma a yi mata haka. Jalalu ya ce wannan aikin mutanen da ne.

"Bindiga zan sayo, Inna. Ba ta toka ba. Irin wadda in ka harba, ita da kanta take ɗura wani harsashin."

"Kai yaron nan," in ji ta, don ba ta kiran sunansa, "ka taɓa riƙe bindiga?"

"Na taɓa riƙe ragon da ya kayar da mutum huɗu."

Ta rasa inda ragon ya haɗu da bindiga. Tun daga ranar, tana wanke-wanke tana Innalillahi.

Akwai wani tsohon mafarauci a Kazaure, Alhaji Bunu, wanda ido ya fara ba shi matsala, ya ce zai rabu da bindigoginsa, kowace da takardunta. Matarsa Hajja 'yar ƙanwar kakar Inna Ma'u ce, saboda haka da Jalalu ya tayar da babur, sai ya ga Inna ta fito da mayafi ta ce ai ta daɗe ba ta gai da Hajja ba. Ta hau baya. Duk hanya babur ɗin na rangaji, don nauyin duk yana bayan.

Alhaji Bunu ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya jera bindigogin. Ya nuna wata 'yar madaidaiciya.

"Ɗana, wannan ce daidai kai. Tana ɗura kanta, ba ta da nauyi, kuma ba ta da shuri sosai."

Jalalu ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya jijjiga, ya taɓe baki.

"Baba Alhaji, wannan ai ramammiya ce. Ba ta ci ta ƙoshi ba."

"Bindiga ce fa."

"Ko mene ne. Mu a sana'armu, abin da ba shi da nauyi ba a kai shi gida."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yi musu abin da yake yi wa tumaki ranar kasuwa. Ya shafa bayan wannan, ya matsa ƙugun waccan, ya ɗaga wata ya ajiye ya ce ƙashi ne kawai. Can ya hango wata doguwa baƙa jingine a bango, wadda Alhaji bai ma kawo ta tabarma ba. Ya rungumo ta da hannu biyu, gwiwoyinsa suka ɗan lanƙwashe, fuskarsa ta washe.

"Yauwa! Ga ƙosasshiya."

"Wannan ko ni da ƙuruciyata sai na ci tuwo nake ɗaukarta," in ji Alhaji Bunu. "Shurinta kamar na jaki."

Jalalu bai ji ba. Ya riga ya juya bakin bindigar ya kafa ido ɗaya a ciki.

"Me kake nema a nan?" Alhaji ya fizge ta.

"Haƙora nake dubawa, in san shekarunta."

Inna Ma'u, da ke zaune a ƙofar ɗakin Hajja da kwanon fura a hannu, ta ajiye kwanon. Hajja ta ce mata, "Sha mana, Ma'u." Ta ce ta ƙoshi.

Aka zo maganar ciniki, Jalalu ya ce shi ba ya sayen dabba sai ta kwana a gidansa ya ga yadda take cin abinci. Alhaji Bunu ya dubi Hajja, Hajja ta dubi Inna Ma'u, zumunci ya yi aikinsa. Aka naɗe bindiga a buhu, aka ba shi harsasai, aka ce ya gwada ya dawo da ita jibi. Da za su tafi Alhaji ya biyo su har zaure yana cewa, "Ka manna ta a kafaɗa sosai. Kuma in ka harba, ka ɗauke yatsanka." Jalalu ya ce, "Baba Alhaji, kada ka damu," irin yadda yake faɗa wa mai sayen tunkiya mai tari.

Washegari da hantsi rabin unguwa ya bi shi gona, don tun asuba ya aika a gaya wa mutane su zo su ga ƙarshen birai. Ya sa babbar riga. Inna Ma'u ta ce ya cire, ya ce babban aiki sai babbar riga. Ta tsaya can nesa gindin wata tsamiya tana jan carbi, carbin na tafiya da sauri fiye da bakinta.

Birai suna kan dutse sun jeru. A tsakiyarsu akwai wani ƙato mai furfura a gemu, uban garken, yana ɓare masarar Inna a natse kamar shi ya biya kuɗin taki.

Malam Shafi'i, maƙwabcin gona, ya leƙo daga rumfarsa. "Jalalu, in riƙe maka rigar, ko in riƙe ka kai?"

"Ka riƙe karenka, Malam, kada ya suma."

Ya cika cikin bindigar da harsashi har ta ƙi karɓa. Ya ɗaga ta, bakin ya sunkuya ƙasa. Ya sake ɗagawa, ya sake sunkuyawa. A karo na uku ya yi nishi ya ɗago ta, bai tsaya manna ta a kafaɗa ba, ya danna.

Jama'a, bindigar nan ba ta yi ƙarya ba. Ta harba, ta shure shi, ta ɗura kanta. Shi kuma da ya ji zai faɗi sai ya ƙanƙame abin da ke hannunsa, abin da ke hannunsa kuwa kunamar bindigar ce. Ta sake tashi. Harsashi na farko ya tafi wajen dutse, ko da yake ba dutsen da biran suke ba. Na biyu ya aske kan masara layi guda. Na uku ya sami tayar babur ɗinsa. Daga nan yana kwance rigingine, babbar riga ta rufe masa fuska, yana harbin sama yana kiran Inna.

Da ƙura ta lafa, ba kowa a tsaye. Malam Shafi'i yana ƙarƙashin rumfa, karensa yana ƙarƙashinsa. Jalalu ya yi jifa da bindigar, ya tattare riga, ya wuce Inna Ma'u a guje ba ko sannu. Ita ce ma ta bi shi da takalminsa.

Biran sun watse, amma ba su yi nisa ba. Mutane na leƙe daga bayan itatuwa uban garken ya sauko, ya zagaya bindigar, ya shinshina ta, ya kama maratayinta ya ja ta kiii har saman dutse. Ya zauna, ya ɗora ta a cinya, bakinta na kallon gonar Inna Ma'u. Ya ci gaba da cin masararsa.

Da yamma mai unguwa ya tara mutane a ƙofar gidansa, aka zo da Jalalu kafaɗa ɗaure da tsumma.

"Jalalu, harsashi nawa ka zuba?"

"Ranka ya daɗe, har ta ƙoshi."

"Nawa ka harba?"

"Ranka ya daɗe, ni ɗaya na harba. Sauran ita ta harba."

"To akwai saura a ciki ko babu?"

Jalalu ya duba sama kamar lissafin na can. Malam Shafi'i ya ce shi dai ya ga yatsun birin, kuma sun fi na Jalalu ƙwari.

Tun daga ranar babu wanda ya taka gindin dutsen nan. Masu gwangwani sun bar gwangwaninsu, karnuka sun ce ba da su ba. Biran kuwa yanzu ba sa ma gudu, sukan sauko da 'ya'yansu da rana tsaka. Masarar Inna Ma'u ta nuna, kullum tana raguwa, ga Hajja ta aiko a tambaya ko bindigar ta gama kwanan.

Jiya dattawa suka yanke shawara. Mai unguwa ya aiko har gida, ɗan aiken ya durƙusa a gaban Inna Ma'u ya isar da saƙo: tunda abin ya zama na sulhu, sai a tura wanda biran suka yarda da shi, kuma duk Roni babu wanda ya taɓa yi musu alheri irin Jalalu. Gobe da safe shi zai hau dutsen ya roƙo.

Jalalu yana ɗaki ya ce a ce ba ya nan, da muryar nan tasa da ake ji har bakin titi.

To jama'a, ku da ku ne Inna Ma'u, yaya za ku yi? Ta hana shi, masara ta ƙare. Ta bar shi ya hau, tsoronta kada birin ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, ya ce wannan ba a kai shi gida.