Jajayen Tutocin Don Fulgencio

Adalci ya wajabta a faɗa tun farko cewa gaɓar Nikaragwa ba ta taɓa samun mai ƙaunar kunkurun teku kamar Don Fulgencio Somarriba ba. Hutun mako biyu ne ya kawo shi ƙauyen Las Garzas daga Managuwa, babban birnin ƙasar. A kwana na uku ya kafa Kwamitin Kare Kunkuru. A na huɗu kwamitin, wanda shi kaɗai ne a cikinsa, ya zaɓe shi shugaba babu hamayya. Masunta suka laƙaba masa Garkuwan Ƙwai, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce, ya sa aka ɗinka masa a goshin hula.

Kafin zuwansa, aikin yana hannun Doña Remigia, wata dattijuwa mai suyar ayaba a bakin ruwa. Dabararta irin ta marasa ilimi ce. Da sassafe takan bi sawun da uwar kunkuru ta bari a yashi, ta share shi da ganyen kwakwa, domin masu tonon ƙwai su kasa gane gurbin. Shekara talatin tana haka, babu taro, babu hoto.

Nan take Garkuwa ya gano illar wannan tsari. Alherin da ba a gani, in ji shi, ba a yaba shi, wanda ba a yaba ba kuwa daidai yake da wanda ba a yi ba.

"Doña, zamanin ɓoye-ɓoye ya wuce," ya ce mata. "Daga yau kowane gurbi zai samu jar tuta mai ɗauke da sunana. Wane ɓarawo ne zai ga Somarriba a rubuce ya miƙa hannu?"

"Yallaɓai, ai Tiburcio bai iya karatu ba," ta ce. "Ja dai yana ganewa."

Tiburcio shi ne babban mai tonon ƙwai a ƙauyen, mutumin da ya tsufa yana cakar yashi da sanda a kan sa'a. Aka kafa tuta goma sha biyu. Washegari aka tarar da rami goma sha biyu, fayau, kowanne an mayar masa da tutarsa a tsaye. Tiburcio ya tare Garkuwa a hanya, ya cire hula. "Allah ya ja da ran Garkuwa. Tun da ka zo bayana ya daina ciwo."

Don Fulgencio ya nazarci al'amarin, ya fitar da hukunci. "Kun lura ko tuta ɗaya ba su ɗauka ba? Wannan shi ake kira kwarjini." Ya sa aka ɗinka wasu arba'in, ya kuma tsawaita hutunsa zuwa wata biyu, don kada kunkuru su shiga maraici.

Gurbi tara suka rage wa Doña Remigia, lokacin da kunkuru ke saka ƙwai kuma ya kusa wucewa. Ta ga gardama ba za ta cece su ba, sai ta koma biyayya. Kullum takan jagorance shi zuwa inda babu komai sai yashi, ta ce, "Nan ne, Yallaɓai." Ya kafa tuta, ya yi jawabi. Tiburcio ya riƙa haƙa har iya ƙugu, yana fitowa da ƙaguwa. Ƙarya mugun hali ce, ban canza ra'ayi ba. Amma na auna wannan ta kowace fuska, na rasa wanda ta cuta in ba gadon bayan Tiburcio ba.

Da kwanakin ƙyanƙyasa suka cika bisa lissafinsa, Garkuwa ya gayyaci baƙin da suka zo hutu, ya jera musu kujeru suna fuskantar babbar tuta. Rana tana faɗuwa ya fara bayyana tarihin gwagwarmayarsa. Yashin gabansu bai motsa ba. Na bayansu ne ya tsage, 'ya'yan kunkuru sama da ɗari suka ɓullo, suka bi ta ƙarƙashin kujeru suna rarrafe zuwa teku. Baƙi suka ɗage ƙafafu, suka juya masa baya.

Don Fulgencio ya leƙa inda suka fito, bai ga tuta ba.

"Jama'a, a natsu," ya ce. "Waɗannan ba namu ba ne. Namu suna tafe."

Ya gyara zama yana gadin yashinsa, har ruwa ya zo masa takalmi. Duk tsawon shugabancinsa, wannan yashin ne kaɗai abin da ya tsare ba a sace ba.